Tsohon ƙamusun da na saya a Sabon Gari: ya fitar da ni kunya, amma an cuce ni a shafuka

Wata uku ke nan da na sayi wannan ƙamusun a wajen masu sayar da littattafai na hannu a Sabon Gari. Turanci ne zalla, bugun Ingila, kaurinsa kamar bulo, bangon ya sha hannu har rubutun ya soma gogewa. Kun san yadda farashin irinsu yake yanzu, ba sai na faɗa ba. Sana'ata buga takardu ce, ina da ɗan shago kusa da kotu, kullum ina fama da yarjejeniyar sayen fili da takardar rantsuwa. Turancin lauyoyi kuwa na kakannin kakanni ne, shi ya sa na nemi ƙamusun da ke da tsofaffin kalmomi.

Ranar da ya biya ni kuɗina ita ce ranar da fasfon kawuna ya fito, zai sauke farali. Ya shigo shago da shi a naɗe cikin leda, ya buɗe a hankali, ya nuna min rubutun nan da ke roƙon hukumomin ƙasashe su bar mai fasfo ya wuce. Ya ce, "Ɗana, karanta min abin da gwamnati ta rubuta, in san da me zan shiga ƙasar mutane." Na soma fassara masa tiryan-tiryan, sai na zo kan "without let or hindrance", na tsaya cak. Ni dai abin da na sani "let" bari ne, ko ƙyalewa, ko ba da haya. Na duba manhajar da ke wayata, su ɗin dai ta ba ni. To ta yaya za a ce a bar mutum ya wuce ba tare da an ƙyale shi ba? Magana ta ci karo da kanta, ga Kawu ya zuba min ido yana jira.

Na ce, "Kawu, a yi min haƙuri kaɗan." Na sauko da ƙamusun. Ashe "let" biyu ne, kowanne da lambarsa. Na biyun an yi masa alamar tsohuwar kalma, ma'anarsa kuma hanawa, tarewa, cikas. Asalinsu daban ne a Turancin dauri, sai lafazinsu ya zo ya haɗe, aka wayi gari rubutu ɗaya yana ɗauke da ma'ana da kishiyarta. Ta biyun ta mutu a bakin jama'a, ta rage a wannan jimlar ta doka da kuma wasan tenis, inda ake kiranta idan ƙwallon farko ta shafi raga aka sake bugawa. Jimlar da kanta gadon Turawa ce, tana nan a fasfon Ingila har yau. Na ce wa Kawu ana nufin kada kowa ya tare shi ko ya kawo masa cikas. Ya rufe fasfon ya ce, "Madalla, Allah Ya yi maka albarka." Wallahi daɗin da na ji a ranar ba ya misaltuwa.

Tun daga nan na kamu. In kasuwa ta yi sanyi sai in buɗe ko'ina in hau karatu. Nan na ga "nice" da muke yabon mutum da ita a da wawa take nufi, daga wata kalmar Latin mai ma'anar jahili. "Silly" kuma, da yanzu take zagi, a da mai albarka ce. "Meat" kowane irin abinci ne kafin ta koma nama kaɗai. "Wherefore" da nake bugawa a ƙarshen takardun ƙara ba ruwanta da wuri, dalili take nufi: don me, ko saboda haka. Wadda ta fi taɓa ni ita ce "guinea", kuɗin zinaren da Ingila ta fara bugawa a 1663, wanda darajarsa ta tsaya a sule 21. An raɗa masa sunan ne saboda zinaren daga gaɓar Afirka ta Yamma aka kwaso shi.

Da a makon farko na rubuta wannan sharhin, da yabo kawai za ku gani. Amma akwai abin da har yanzu yake ci min rai. Mai littattafan ya rantse min cewa cikakke ne, ko shafi ɗaya bai ɓace ba. Sai ga wani dattijo ya kawo tsohuwar takardar gidan gado a sake buga masa, a ciki akwai "messuage". Na buɗe harafin M da ƙarfin gwiwa, sai na ga daga wajen "mer" an yi tsalle zuwa "mil". Shafi goma sha shida babu su! Da na dubi gindin littafin da kyau na ga an sake manne shi da gam, an ɓoye gurbin sarai. Sai da na bi wani lauya har mota kafin ya gaya min gida ne tare da filinsa da sauran gine-ginen da ke haɗe da shi. Dattijon ya kusa awa ɗaya a kan benci yana jirana.

Na koma wajen mai littattafan na ce, "Malam, ai ba haka muka yi ba." Ko kallon gurbin bai yi ba, ya ce haka ya zo masa a dila, kuma an saya an saya. Da ya gaya min gaskiya tun farko da na saya a hakan, a rage min wani abu, shi ke nan. Rantsuwar ce ta ƙona min rai. Ga rubutun ƙanana ƙwarai, in babu wuta da yamma sai da tocila, ga warin danshi da ke tashi duk sanda na buɗe shi.

Duk da haka yana nan a kan teburina kusa da na'urar buga takardu, kuma ba na wuni ban taɓa shi ba. Na sa wata 'yar takarda a daidai gurbin. Ina cigiyar mai irin wannan bugun ya ara min na yini ɗaya, in ɗauki hoton shafukan nan goma sha shida in liƙa a nawa.