Janareta, batir ko hitar gas: me za ka fara saya kafin ƙanƙara ta rufe gari?

Duk Bahaushen da ya tare a Kanada ko arewacin Amurka, da an ce masa ana iya ɗauke wuta a tsakiyar sanyi, janareta ne zai fara faɗo masa a rai, domin da shi muka tashi. Sai dai ɗaukewar wuta a Kano zafi da duhu take kawowa. A can kuwa gidan ne yake hucewa sannu a hankali har ruwa ya daskare a cikin bututu. Ko da gas ake ɗumama gidanka, fankar da ke tura ɗumin cikin ɗakuna da lantarki take aiki.

A watan Fabrairun 2021 sanyi ya durƙusar da lantarkin jihar Texas, gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 4 suka zauna a duhu, wasu har kwanaki. Hukumar lafiyar jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu, kuma 19 daga cikinsu iskar guba ta kabon monoksaid ce ajalinsu. Janareta yana fitar da ita, haka gawayi, haka motar da aka tayar a rufaffen gareji. Ba ta wari, ba a ganinta. Da ciwon kai da jiri take farawa, mai barci kuwa ba ya ma sanin ta shigo. Mun san irin wannan a gida, lokacin hunturu, in an shiga ɗaki da kaskon garwashi an rufe ƙofa da taga.

Shi ya sa nake roƙonka, kuɗinka na farko ka sa shi a na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan iskar. Dala 20 zuwa 40 ake sayar da ita. Daban take da na'urar gano hayaƙin gobara, ko da yake akwai masu haɗa aikin biyu. Ɗauki mai batir, ko mai jona wa bango wadda ke da batirin ajiya, don ranar da babu wuta ce ranar aikinta. Ka kafa ta kusa da ɗakunan kwana, ka kuma duba kwanan watan da ke bayanta, saboda tana tsufa.

Janareta shi ne mafi ƙarfi a cikin ukun. Zai ja firji, zai ja injin ɗumama gida idan mai aikin lantarki ya haɗa maka makunnin da ke raba gidanka da layin gari. Kada ka taɓa jona shi kai tsaye a soket ɗin bango, wutar tana komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ke gyara. Sharaɗinsa mai tsauri ne: a waje ake tayar da shi, aƙalla ƙafa 20, wato kusan mita 6, daga ƙofa da taga. Gareji bai halatta ba ko da ƙofar a wangale take. Saboda haka wanda yake zaune a bene na haya, kamar yawancin ɗalibanmu da sabbin zuwa, ya cire shi daga lissafi, baranda ma ba wurinsa ba ne. Mai gida da fili kuma gara ya nemi mai shan fetur da gas duka biyu, domin fetur yana lalacewa bayan 'yan watanni a ajiye, gas ɗin tukunya kuwa sai ya shekara bai canja ba.

Babban batirin ajiyar wuta, irin na Jackery, EcoFlow ko Bluetti, ba ya hayaƙi ba ya ƙara, ana ajiye shi ko a gefen gado. A nan ne mutane ke asarar kuɗi, suna zaton zai ɗumama ɗaki. Duba lambar Wh da ke jikinsa, ita ce ke nuna yawan wutar da yake iya ajiyewa. Hitar lantarki mai ɗumama ɗaki tana cin wat 1,500, don haka batir mai 1,000 Wh ba zai riƙe ta fiye da minti 40 ba. Amma wannan batirin zai riƙe bargon lantarki, mai cin abin da bai kai wat 100 ba, kusan kwana guda na barci, ya caja wayoyi, ya kunna fitila. Ga mazaunin bene, shi nake zaɓa. Kada dai a yi masa caji a wurin da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius, yana lahanta shi.

Ƙaramar hitar gas, irin Mr. Heater Buddy, ita ce mai ba da ɗumi na gaske ba tare da lantarki ba. Tana kashe kanta idan ta faɗi ko iskar ɗaki ta yi ƙaranci. Ƙaramin gwangwaninta yana kai wajen awa 3 idan an ƙure ta. Karanta kwalinta da kyau, wasu an yi su ne don waje kawai, kuma dokar gari ko yarjejeniyar haya kan hana. Idan ka kunna, ɗan buɗe taga, nisanta ta mita guda daga labule da bargo, kuma a kashe ta kafin kowa ya kwanta. Murhun girki da abin gashin nama kam ba a ɗumama ɗaki da su ko kaɗan.

Ni dai da za a ce kuɗina kaɗan ne, bayan na'urar nan tufafi da shimfiɗa zan saya kafin kowane inji. Auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, kuma yawancin kayanmu na gida auduga ne. Ulu yana riƙe ɗumi ko ya ɗan jiƙe. Riga uku marasa kauri, ɗaya kan ɗaya, sun fi guda ɗaya mai nauyi, ga safa da hula da safar hannu. Jakar barci, wato wadda mutum ke shiga cikinta ya kwanta, ta fi bargo tsare ɗumi. Mai cike da gashin tsuntsu ta fi sauƙin ɗauka da ɗumi amma tsada gare ta kuma jiƙa tana kashe amfaninta, mai cike da zaren roba ta fi araha kuma ta wadatar a cikin gida. Iyali su taru a ƙaramin ɗaki ɗaya, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a sa ido sosai a kan jarirai da tsofaffi.

Tocilar goshi ta fi kyandir, ba ta ta da gobara. Ruwa lita 4 ga kowane mutum a rana, na kwana uku. Abinci wanda ba sai an dafa ba: dabino, gyaɗa, garin rogo da suga, kifin gwangwani. Maganin mai hawan jini ko ciwon suga kada ya ƙare a gida.

Mota ma tana son nata kayan. A Disambar 2022 guguwar ƙanƙara ta kashe mutum sama da 40 a yankin Buffalo na jihar New York, wasu a cikin motocinsu aka same su. Ajiye bargo, ƙaramin shebur, tocila da abin cajin waya a but. Idan ka maƙale, zauna a cikin motar, share ƙanƙarar da ta toshe salansa, sannan ka tayar da injin kamar minti 10 a kowace awa, gilashi a ɗan sauke.