Makonni shida a kan Titan Trek: yadda na koyi karanta hoton rada

Makonni shida ke nan kusan kullum da dare sai na buɗe Titan Trek, taswirar intanet da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tanada kyauta domin duk mai sha'awa ya kewaya Titan, wata mafi girma cikin watannin duniyar Zuhal, wadda masana ke kira Saturn. Ni malamin labarin ƙasa ne. Na saba da taswira, na saba da hotunan tauraron ɗan'adam, don haka na shiga da ƙarfin gwiwata. Ban yi kwana biyu ba na gane cewa sabon da idona ya yi da hoton kyamara shi ne zai fi ɓatar da ni a wannan wuri.

Shafin kansa ba shi da wuyar sha'ani. Ba sai ka yi rajista ba, ba sai ka sauke wata manhaja ba. Kana buɗewa za ka tarar da Titan shimfiɗe a gabanka, kana iya mayar da shi dunƙulalle ka juya shi da linzamin kwamfuta yadda kake so. Akwai wurin neman sunayen wurare, akwai abin auna nisa tsakanin ɗigo biyu. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne damar ɗora hoto a kan hoto: ka shimfiɗa na kyamara a ƙasa, ka ɗora na rada, wato na'urar da ke harba igiyar rediyo ta karɓi abin da ya dawo, a sama, sannan ka riƙa dusashe na saman a hankali har na ƙasan ya bayyana. A kwamfuta na fi jin daɗinsa, domin hoton rada yana son babban allo. Bayanan da ke ciki da Turanci suke, wanda zai shiga ya san da haka.

Dalilin da ya sa rada ce uwa uba a nan shi ne hazo. Titan, mai faɗin kilomita 5,150, ya fi duniyar Makyuri girma, kuma lulluɓe yake da iska mai kauri wadda yawancinta naitirojin ce, ga wani hazo mai launin ruwan goro da ba ya yayewa. Lokacin da kumbon Voyager 1 ya gifta ta kusa da shi a 1980, hazon kawai kyamararsa ta iya ɗauka. Sai da kumbon Cassini, wanda aka harba a 1997, ya isa Zuhal a 2004 ɗauke da rada mai igiyar da tsawon zangonta ya kai kimanin santimita 2, sannan aka fara ganin ƙasar da kyau. Igiyar rediyo tana ratsa hazon ta bugi ƙasa ta dawo, kuma daga abin da ya dawo ake harhaɗa hoton. Cassini ya gifta ta kusa da Titan sau 127 kafin aikinsa ya ƙare ranar 15 ga Satumba 2017.

Darasi na farko ƙanwata ce ta jawo shi. Ta zo ta same ni na ƙura wa ƙuryar arewacin Titan ido, inda wani ƙaton baƙin fili mai bakin zigi-zaga ya mamaye allon.

Ta ce, "Yaya, hoton ne ya lalace a nan?"

Na ce, "A'a, teku ce. Sunanta Ligeia Mare."

Ta ce, "To me ya sa ta yi baƙi ƙirin? Baƙin ruwa ne a cikinta?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na ga abin da zan faɗa hadda ce kawai, ban fahimce shi har zuci ba. Na tashi na cika faranti da ruwa, na shimfiɗa tawul a gefensa, na kashe fitilar ɗaki. Na haska tocila a kaikaice kan ruwan. Hasken ya zame ya tafi ya faɗa bangon da ke gabanmu, ruwan kuma daga inda muke tsaye ya kasance duhu. Na karkata tocilar kan tawul, nan take ya haske, saboda kowane zare yana watso mana ɗan haske baya. Muka yi shiru muna kallo, ita ta samu amsarta, ni ma na samu tawa. Rada ta Cassini a kaikaice take kallon ƙasa, kamar tocilar nan. Wuri mai santsi yana ture igiyar can gaba, ba abin da ke dawowa, sai ya fito baƙi. Wuri mai kaushi, mai tsakuwa da duwatsu daidai girman igiyar, yana maido da ita, sai ya fito fari. Launin wurin bai shiga lissafin ba ko kaɗan.

Da a nan maganar ta tsaya da an huta. Gangaren da ke fuskantar kumbo yana haske, wanda ya juya masa baya yana duhu, ko da ƙasarsu iri ɗaya ce. Ƙanƙara mai tsage-tsage a ciki tana iya haske sosai, domin igiyar tana kutsawa ƙarƙashi ta yi ta karo da tsagogin kafin ta fito. Ana zaton wani abu makamancin haka yana cikin dalilan da suka sa Xanadu, yankin nan da ya kai girman Ostareliya, yake ƙyalli a hoton rada fiye da yadda aka zata. Kuma tunda taswirar haɗe-haɗen hotuna ce da aka ɗauka a shekaru daban-daban, daga kusurwa daban-daban, sai ka tarar da wani miƙaƙƙen layi inda haske ya sauya kwatsam. Sau biyu ina ɗaukar irin wannan layin a matsayin tsagewar ƙasa. Ashe gaɓa ce inda hoto ya haɗu da hoto. Yanzu duk layin da ya cika miƙewa, sai na fara duba ko yana bin gefen hoton kafin na ba shi wata ma'ana.

Inda na fi daɗewa shi ne yankin tsakiya, wajen Belet da Shangri-La. Can ma baƙi ne, amma babu ruwa. Idan ka matso da hoton za ka ga siraran layuka baƙaƙe, jere reras, sun miƙe daga yamma zuwa gabas har iyakar ganinka. Da aka fara ganinsu a 2005 masu binciken sun kira su yagar kyanwa, kafin a tabbatar jigayin rairayi ne, irin dogayen nan na hamadar Namib. Tsayinsu yana kaiwa mita 100. Na sa abin auna nisa tsakanin layi da layi a wurare da dama, abin da nake samu bai wuce kilomita ɗaya zuwa uku ba, daidai da abin da masana suka ruwaito. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin da hannuna na auna. Rairayin ba irin namu ba ne. Ana ganin ƙwayoyin sinadarai ne masu ɗauke da kabon waɗanda asalinsu daga hazon sama suke. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda jigayin ke yi idan sun ci karo da wani farin tudu: sai su rabu biyu su kewaye shi, su sake haɗuwa a bayansa, kamar ruwan rafi ya tarar da dutse. Daga wannan kaɗai mutum zai gane cewa farin wurin ya fi tsayi, kuma zai iya hasashen inda rairayin ya dosa.

To idan jigawa baƙa ce, teku ma baƙa ce, da me aka rarrabe? Nan ne ɗora hoto a kan hoto ya yi rana, nan ne kuma na ga irin haƙurin da masu wannan aiki suka yi. An fara ganin tafkunan arewa a watan Yulin 2006. Suna da gaɓa mai lanƙwasa, da tsibirai, da koguna masu rassa da ke gangarowa cikinsu. Na bi Vid Flumina da linzami tun daga rassansa har inda ya faɗa Ligeia Mare, tafiyar sama da kilomita 400. Duk da haka siffa kaɗai ba hujja ba ce. A 2009 wata na'urar Cassini ta kama ƙyallin rana a kan wani tafkin arewa, irin ƙyallin da sai abu mai santsi kamar madubi yake yi. A 2013 kuma aka harba igiyar rada kai tsaye ƙasa a kan Ligeia, sai amsa ta dawo sau biyu, ɗaya daga saman ruwan, ɗaya daga ƙasan tekun. Tazarar da ke tsakaninsu ta nuna zurfin da ya kai kimanin mita 160. Wucewar igiyar har ƙasa ta kuma nuna ruwan garau yake, yawancinsa metan ne, wato babban sinadarin iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa. A sanyin Titan, digiri 179 ƙasa da sifili, metan ne ke zuba kamar ruwan sama, ruwan da muke sha kuwa ya daskare ya zama dutse. Tsakuwoyin da na'urar Huygens ta ɗauka lokacin da ta sauka a kan Titan ranar 14 ga Janairu 2005, mulmulallu kamar na bakin kogi, ana ganin na ƙanƙara ne.

Akwai wani wuri da nake so duk wanda ya shiga ya nema, sunansa Ganesa Macula. Yana cikin hoton rada na farko da aka ɗauka a watan Oktoban 2004, wani da'ira mai faɗin kimanin kilomita 180. Kallon farko za ka rantse kumburarren tudu ne, kuma haka ƙwararru suka fassara shi da fari, suka ce mai yiwuwa dutse ne mai aman ƙanƙara, mai kama da wasu tuddai na duniyar Zahara. Da bayanan tsayin ƙasa suka samu daga baya, sai aka ga babu kumburin. Na zauna na daɗe ina kallonsa, na san labarin, amma idona bai daina nuna mini tudu ba. Wannan ya ƙara mini girmama masu binciken, domin sun fito sun gyara maganarsu. Yau wurin da aka fi kyautata zaton aman ƙanƙara ya taɓa faruwa shi ne Sotra Patera, rami mai zurfin kimanin kilomita 1.7, da dutsen Doom Mons da ke gefensa, kuma ko shi ɗin ana ci gaba da muhawara a kansa.

Haka nan tsibirin da ya bayyana a Ligeia Mare a watan Yulin 2013, wani farin tabo a inda da babu komai, daga baya ya ɓace. An kawo bayanai: igiyar ruwa, ko kumfar naitirojin da ke tasowa daga ƙasa, ko wasu abubuwa masu yawo a saman ruwan. Dukkansu suna iya maido da igiyar rada su yi fari. Taswirar haɗe-haɗe hoto ɗaya take nuna maka na kowane wuri, don haka irin wannan sauyin sai ka nemi hotunan ranakun daban-daban ka jera su.

Wanda zai shiga ya rage buri a kan abu biyu. Na farko, ba duk Titan rada ta ɗauka da kyau ba. Cassini Zuhal yake kewayawa, Titan kuwa gifta shi kawai yake yi, kuma na'urorinsa a kafe suke a jikinsa, sai an juya kumbon gaba ɗaya kafin wata ta kalli inda ake so. Saboda haka na'urorin karɓa-karɓa suke yi, ba kowace giftawa rada ke samu ba. Abin da ta samo dogayen ɗamaru ne, kowanne faɗinsa 'yan ɗaruruwan kilomita, tsawonsa dubbai, sun sassaɓa a jikin watan. Waɗanda suka fito da kyau ba su kai rabin Titan ba. Za ka bi kogi kana jin daɗi, sai ya yanke a bakin ɗamara, kuma babu kumbon da ke can yanzu da zai ƙarasa maka. Na biyu, mafi kyawun hoton ma ba ya rarrabe abin da bai kai kimanin mita 350 ba, ga ɗige-ɗige kamar an watsa yashi, wanda ɗabi'ar hoton rada ce. Idan ka matso da yawa, ido zai fara ƙirƙiro maka siffofi daga ɗigon. Na koyi ja da baya kaɗan, a nan hoton ya fi faɗin gaskiya.

Abin da ya taimake ni na daidaita fahimtata shi ne taswirar yanayin ƙasar Titan da Rosaly Lopes da abokan aikinta suka fitar a 2019. Sun kasa ƙasar gida shida, ga biyar daga ciki. Filaye sun kai kusan kashi 65 cikin ɗari, jigayi kashi 17, tuddai da duwatsu kashi 14, tafkuna da tekuna kuwa, duk sunan da suka yi, kashi ɗaya da rabi ne kacal. Ramukan da duwatsun sama suka haƙa ba su kai kashi ɗaya ba, abin da ke nuna iska da ruwan metan suna share fuskar watan suna binne tsofaffin tabo. Dabarar da na ɗauka ita ce in zaɓi wuri, in rubuta a takarda abin da nake zato da dalilina, sannan in duba abin da masana suka ce. A makon farko kuskurena ya fi dacewata yawa. Zuwa mako na biyar na fara rarrabe filin da ke da santsi da jigawar da hoto bai fito da layukanta ba.

Ina ba malaman kimiyya da na labarin ƙasa shawarar su gwada shi, da ɗalibai, da duk mai son sararin samaniya wanda zai iya zama awa guda a kan wuri ɗaya. Amma kafin a buɗe wa yara shafin, a fara yi musu gwajin tocila da farantin ruwa, minti biyar ya isa. Ni da nawa ɗaliban da ramin Selk za mu fara, mai faɗin kilomita 80 zuwa 90, a arewa da jigayin Shangri-La. Can ne jirgin Dragonfly mai farfela takwas zai dosa, wanda aka tsara harbawa a 2028 ya isa a 2034. Zan sa kowannensu ya rubuta abin da yake ganin farin zoben da ke kewaye da ramin yake nufi, ya sa kwanan wata, ya adana takardar.