Injin askirim da na saya don sobet ɗin sitiroberi: yana aiki, amma sai mai wuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu ta tambayata yadda na ga injin haɗa askirim ɗin nan da ake ta talla, mai kwanon da ake sakawa a firiza, mai cin lita ɗaya da rabi, ga amsarku. Kun san kuɗinsa, kun kuma san masu kawo shi, ba sai na faɗa ba. Ni ba don askirim na saye shi ba. Yarona na biyu madara ba ta karɓe shi ba, da ya sha cikinsa zai rikice, ga shi kullum yana kallon 'yan uwansa suna lasa. Shi ya sa na ƙwallafa rai a kan sobet, wanda babu madara a cikinsa ko ɗigo, daga 'ya'yan itace sai sukari sai ɗan lemon tsami.

Na sitiroberi kuma nake so, tunda ƙanwata tana aure a Jos. Da yawan wanda kuke gani a shagunan Abuja da Kano lokacin hunturu daga Filato ake kawo shi, musamman ƙauyen Chaha da ke Jos ta Kudu, kusa da Vom, inda tudu da sanyi suka ba shi damar yi. Matsalarsa ɗaya ce, kakarsa daga wajen Nuwamba take zuwa Maris, to daidai lokacin da zafin Kano ya fara kai maki 40, ake neman abin sanyi ido rufe, lokacin ne yake ƙarewa a gona. Sallar azumin 2025 ta faɗo 30 ga Maris, na ce to ga dama ta ƙarshe. Ƙanwata ta sayo ta sa a mota, ya iso da yamma, na ƙasan sun ɗan dame saboda hanya amma sauran jajur, ƙamshi ya cika kicin. Rabi na cire musu hula na jera a faranti na daskarar, rabi na ajiye a firij don washegarin Sallah, ranar da dangin maigida suke zuwa mana yini.

A nan ne abin da ya ɓata min rai ya faru. Injin ya zo a kwali babu takardar bayani a ciki. Na tambayi mai sayarwar, ta turo min saƙon murya cewa in sa kwanon a firiza da daddare, da safe in zuba haɗina, minti 20 na gama. Haka na yi. Bayan isha'i na sa shi a can ƙasan firiza. Cikin dare aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai bayan gari ya waye. Da na ciro kwanon da rana yana da sanyi sosai, har da farin ƙanƙara a bayansa, babu yadda za a yi mutum ya ce bai yi ba.

Na haɗa komai da kyau. Na barbaɗa wa sitiroberin sukari na bar shi ya tsatso ruwansa, na markaɗa a bilenda, na tace da rariya, na matsa lemon tsami. Launin kaɗai abin kallo ne. Na kunna injin, na zuba, 'yar muciyar robar ta fara juyawa. Yara na gida da na baƙi suka zagaye teburin, kowa da cokalinsa a hannu. Minti 20 ta cika, ruwa. Na ce bari a ƙara masa. A gefen kwanon wani ɗan kauri ya fara kamawa, raina ya ɗan yi sanyi, sai kuma na ga shi ma yana narkewa yana komawa cikin sauran. Rana tsaka, kicin ya ɗauki zafin tukwanen Sallah, ni da gumi, inji yana ta ƙugi, har aka wuce minti 40. Yarona ya ɗago ya ce, “Umma, yaushe zai zama?” Wallahi wannan tambayar ta fi komai yi min ciwo, don saboda shi na yi duk wannan hidimar. Daga falo kuma Hajiya surukata ta aiko a tambaya ina abin sanyin da jikokinta suke ta ba ta labari tun safe. Ƙarshe aika yaro na yi ya sayo ƙanƙara a bakin titi, na ƙara ruwa na raba a kofuna a matsayin lemo. An sha, an yaba, an sa albarka, amma ni na san sitiroberin da ya yi tafiyar rabin yini daga Jos ba don lemo aka aiko shi ba.

Da daddare na yi wa mai sayarwar magana cikin mutunci. Amsarta ita ce, “Hajiya ai matsalar wutarku ce, kowa yana saya bai taɓa kawo ƙorafi ba.” Ba haƙuri, ba bayani. Sai da na zauna na bincika da kaina a intanet na gane yadda abin yake. Wannan injin ba ya sanyaya komai. Motar da ke jikinsa juyawa kawai take yi. Duk sanyin yana cikin kwanon, wanda bango biyu gare shi da wani ruwa a tsakani, kuma sai wannan ruwan ya daskare gaba ɗaya a sanyin maki 18 ƙasa da sifili. Masu ƙera irin waɗannan injinan awa 16 zuwa 24 suke cewa a ba shi, ba dare ɗaya ba, kuma a firizar da ba ta tsaya ba. Gwajin ma mai sauƙi ne: ki girgiza kwanon kusa da kunnenki, in kin ji motsin ruwa to bai yi ba, komai sanyin da hannunki ya ji. Haɗin da za ki zuba shi ma dole ya jima a firij ya yi sanyi ƙarara, in ba haka ba shi zai shanye sanyin kwanon kafin ya fara kama jiki. Magana ce ta layi biyu. Da ta faɗa min, da Sallata ba ta ɓaci ba.

Na kusa mayar da shi kwali in manta da shi. Maƙwabciyata, Allah ya saka mata da alheri, tana da babbar firiza mai aiki da sola, ta ce in kawo kwanon ya yini ya kwana a wajenta. Da na je ɗauka na girgiza, shiru kamar dutse. Na naɗe shi a tawul na shigo da shi da sassafe kafin rana ta ɗaga, na kunna a falo ƙarƙashin fanka, ba a kicin ba. Wancan rabin da na daskarar shi na narkar na yi amfani da shi.

'Yan uwa, abin da ya fito ya ba ni mamaki. Kafin minti 10 ya fara kauri, zuwa minti 20 da ɗoriya yana naɗewa a jikin muciyar yana tasowa sama, launinsa ya koma ja mai haske saboda iskar da ta shiga cikinsa. Na ɗiba a cokali, ya tsaya bai zube ba. A baki sumul, babu ɓarɓashin ƙanƙarar nan da ake ji in an daskarar da lemo a leda, don juyawar ba ta barin ƙanƙarar ta haɗu ta yi manyan ƙwayoyi. Ɗanɗanon sitiroberin ya fito fes, ya fi na kowane askirim na kanti da na taɓa sha, tunda babu madarar da za ta danne shi. Yarona ya shanye nasa ya siɗe kofin, cikinsa lafiya lau. A ranar da an tambaye ni, da cewa zan yi kowa ya je ya saya.

Ga masu son awon: kofi 4 na markaɗaɗɗen sitiroberi, kofi 1 na sukari, ruwan lemon tsami kamar cokali biyu, da ɗan gishiri a bakin yatsu. Kada ki ce za ki rage sukarin sosai don lafiya, shi ne yake hana shi zama dutse a firiza, sitiroberi kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne. In kuma sukarin ya yi yawa haɗin ba zai daskare ba sam. Ki ɗanɗana kafin ki zuba, ya kamata ki ji zaƙin ya ɗan zarce yadda kike so, saboda sanyi yana rage jin zaƙi. In sitiroberin yana da tsami, sai ki rage lemon. Kuma kada ki wanke sitiroberin sai za ki yi aiki da shi, ruwa yana sa shi saurin fumfuna.

To amma da murnar ta lafa, sauran abubuwan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma gaskiya sun dawo min da haushin farko. An rubuta lita ɗaya da rabi, amma ba za ki cika shi ba, don haɗin yana kumbura, abin da za ki zuba bai fi lita ɗaya ba. A gida irin namu wannan kowa ludayi ɗaya ne. Ba kuma za ki ce bari in sake wani zubin ba, kwanon ya riga ya huce, sai ki wanke, ki bari ya bushe sarai, ki mayar firiza, sai gobe. Ranar taro ke nan ba shi da amfani, alhali don taro ake tallarsa. Wani sashe yana manne wa bangon kwanon ya yi tauri, ba a yarda ki kankare da cokalin ƙarfe ba don kada ya goge, sai ki yi ta fama da na roba yana narkewa a hannunki. Ga ƙara, ba a jin maganar mutum in yana aiki.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne ragowar da na zuba a roba na ajiye a firizarmu. Aka ɗauke wuta ya narke, aka kawo ya sake daskarewa, washegari na tarar da dunƙulen jar ƙanƙara da cokali ba ya shiga. Duk laushin nan da injin ya yi wahalar samarwa ya tafi. Ke nan ko kin samu inda za ki daskarar da kwanon, sai dai a shanye a take. Akwai wani nau'in injin mai nasa na'urar sanyaya, wanda ba ya buƙatar a daskarar da komai, amma kuɗinsa ya ninka wannan nesa ba kusa ba, kuma ba shi ake nuna mana a bidiyon talla ba.

Daga baya na gwada zuba daskararren sitiroberi kai tsaye a bilenda, da sukarin da na narkar a ruwa kaɗan ya huce, da lemon tsami. Cikin minti biyu ya haɗu. Bai kai na injin laushi ba, kuma yana saurin narkewa, amma yara ba su ga bambanci ba, kuma da ɗan janareta ma za ki yi shi. Da na san wannan tun farko ban tabbata zan fitar da kuɗin nan ba.

Ban ce injin ba shi da kyau ba, abin da aka ƙera shi ya yi yana yi. Laifin na masu sayar da shi ne da suka san halin wutarmu, suke kuma cewa dare ɗaya ya isa. In kina da sola ko inbata da ke riƙe firiza ba yankewa, saya, za ki ji daɗinsa, in kakar mangwaro ta shigo kuma shi ma yana yin sobet mai kyau. In ba ki da tabbas, kafin ki tura wa kowa kuɗi ki jefa ledar ruwa ɗaya a firizarki, ki riƙa dubawa safe da yamma har kwana biyu. In ko sau ɗaya kika taɓa ta kika ji ta saki, riƙe kuɗinki ki yi da bilenda.