Jinga ko kuɗin wata: amsa ga mai shirin fara gyaran lambun gidaje

Ƙanena, ka ce ka haɗa almakashin askin shinge, adda, manjagara, baro da ƙaramin injin yankan ciyawa, kana zaune a Kano, kuma abu biyu ne suka tsaya maka: inda za ka samo masu ba ka aikin farko, da yadda za ka yanka musu kuɗi, jinga ko kuɗin wata. Tambayoyin nan a haɗe suke, domin irin mutumin da ka nema shi zai nuna irin cinikin da za ku yi.

Jinga ita ce ka ga wuri, ku daidaita, ka gama aiki, a sallame ka. Masu neman ta su ne wanda ciyawa ta cinye masa farfajiya a tsakiyar damina, mai shirin biki ko suna, masu gyaran gida kafin Sallah, da wanda ya kammala gini yana so a zuba masa ƙasa a dasa furanni. Ba sai an san ka ba za a ba ka, ga shi kuɗinka a hannu ranar. Ga wanda bai yi suna ba tukuna, wannan babban abu ne.

Inda jinga ke cin mutum shi ne yanka farashi daga bakin ƙofa. Ka shiga ka taka wurin da ƙafarka. Doguwar ciyawa tana ɓoye ɓaraguzan bulo, guntun rodi da fasassun kwalabe, kuma dutse ɗaya ya isa ya lanƙwasa maka wuƙar inji. Ka tambaya tun kafin ka buɗe baki: wa zai kwashe sharar? Askin shinge mai tsawo yakan tara ganyen da sai an kira a-kori-kura, kuma idan ba a faɗa ba, mai gida zai ɗauka yana cikin kuɗin. Lissafinka ya ƙunshi man inji, kuɗin mota zuwa da dawowa, ladan yaron da zai taya ka, kwashe shara, da wani abu da za ka ware saboda gyaran inji. Bayan waɗannan ne za ka ɗora ladan wuninka, kada kuma ya gaza abin da magini ko mai fenti ke karɓa a unguwar. Idan aikin dashe ne, karɓi kafin alƙalami da zai sayi ƙasa, taki da irin shuka. Kada ka zuba jarinka a gidan wani.

Sai dai jinga 'yar damina ce. Daga Yuni zuwa Satumba waya ba ta hutawa, amma da ruwa ya ɗauke a Oktoba, hunturu ya shigo, ciyawa ta daina tashi, sai ka ji shiru.

Kuɗin wata kuwa a rani yake nuna amfaninsa, domin a lokacin ne shuka ta fi bukatar mai kula da ita. Masu bayar da shi su ne manyan gidaje irin na Nassarawa da Bompai, rukunin gidaje masu shinge ɗaya, makarantun kuɗi, asibitoci da otal-otal. Ka san abin da zai shigo ƙarshen wata, kana iya ɗaukar yaro da kwanciyar hankali. Amma a nan nake so ka natsu sosai, saboda maganar ruwa. Gidan da ke da rijiyar burtsatse da tanki daban yake da gidan da ke jiran 'yan garuwa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano yakan haura digiri 40, ciyawar ado kuma tana son ruwa kusan kullum. Idan ruwan na saye ne, jarka mai lita 25 ba ta jiƙa wani wurin kirki, kuma kuɗin ruwa kaɗai zai iya haɗiye duk abin da aka biya ka. Ko a gida mai burtsatse, ka tambaya wa zai tayar da janareto idan babu wuta. Ranar da ciyawa ta ƙone ba wanda zai tuna tanki ne ya bushe, sunanka za a kira. Saboda haka a rubuta, ko da a saƙon WhatsApp ne: ruwa na mai gida, taki da maganin gara na mai gida, kai kuma zuwa sau kaza a mako, ga ayyukan da za ka yi. Rashin wannan rubutun ne ke mayar da mai lambu ɗan aike da mai wankin mota.

Kada kuma ka ɗaure kanka da farashin shekara. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur ya ninka har sau uku cikin ɗan lokaci, duk mai inji da ya yi alkawarin shekara ya ji a jikinsa. Ku yi sharaɗin sake duba kuɗi duk bayan wata uku.

Makarantu da kamfanoni ka bar su sai gaba. Da yawansu za su nemi rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, da asusun banki mai sunan sana'a, biyansu kuma yakan yi jinkiri.

Ni shawarata ka shiga ta jinga, ka zauna da kuɗin wata. Mutanen da za su buɗe maka ƙofa ba su ne masu gidan ba. Maigadi ne ya san gidan da mai lambunsu ya tafi. Masu sayar da furanni a bakin titi kullum ana tambayarsu wa zai dasa, wa zai kula. Haka magina, masu shimfiɗa bulon tsakar gida da dillalan gidaje. Ka gaishe su, ka bar lambarka, aiki ya faɗo ka ba su la'adarsu ba tare da sun nema ba. Ka ɗauki hoton wuri kafin aiki da bayansa, da izinin mai gida, ka sa a WhatsApp. Ka kuma dage a kan layi ɗaya: gida uku maƙwabta sun fi gida biyar a warwatse daga Hotoro zuwa Rijiyar Zaki, domin kuɗin ɗaukar inji a adaidaita sahu zai cinye bambancin.

Abin da ba na so ka yi shi ne karya farashi don a san ka. Masu gida suna magana da juna, kuma kuɗin da ka karɓa a gidan farko shi za a riƙa ja maka a na biyar. In kana son kyautatawa, karɓi cikakken kuɗinka, ka ƙara da dashen lemun tsami ko zogale kyauta. Gidan da ya kira ka jinga sau biyu, ya biya ba tare da ja-in-ja ba, kuma yana da ruwansa, shi za ka yi wa tayin kuɗin wata. Ka yi tayin a Satumba, lambun yana kore shar, kafin ruwa ya ɗauke.