Ɗan Gida da Baƙo a Wasannin Jami'o'in Amurka

A rukuni na ɗaya na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ɗan Amurka da baƙon da ke son buga wa jami'a wasa duk sai sun kawo darussa 16 na sakandare da matsakaicin maki aƙalla 2.3 cikin 4. Daga nan hanyarsu ta rabu.

Ɗan gida, koci yana kallon wasansa ido da ido. Ko rabin tallafin karatu ya samu, in gidansu ba hali, yana iya rage giɓin da Pell Grant, tallafin gwamnatin Amurka ga ɗalibanta marasa hali. Baƙo galibi sai dai ya aika bidiyo, kuma ba a ba shi takardar I-20, wadda jami'a ke bayarwa don neman bizar karatu, sai ya nuna inda ragowar kuɗin zai fito. Nan ne da yawa ke tsayawa.

Abin da ya fi ciwo: tun 2021 ɗan gida ke cin kuɗin talla da sunansa, baƙo kuwa bizarsa ta karatu, F-1, ta ɗaure masa hannu.