Machiavelli, Hobbes ko Locke: wanne ya kamata ka fara saya?

Ɗalibin kimiyyar siyasa da ke son sanin yadda Turai ta sauya tsakanin ƙarni na 16 da na 17 ba zai rasa jin sunaye uku ba: Machiavelli, Hobbes da Locke. Idan kuɗin littafi ɗaya ne a aljihunka, sai ka yi zaɓi. Amma ka fara sanin cewa duka ukun suna nan kyauta a intanet, domin marubutansu sun daɗe da mutuwa. Abin da kake biya a shago shi ne fassara mai kyau, gabatarwa da sharhin edita.

The Prince shi ne mafi ƙanƙanta, babi 26 ne, ana iya gama shi a kwana biyu. Machiavelli ya rubuta shi a 1513, bayan iyalan Medici sun dawo mulkin birnin Florence na Italiya, sun raba shi da aikinsa, an kuma azabtar da shi. Sai a 1532 aka buga shi, shekara biyar bayan rasuwarsa, a 1559 kuma Cocin Katolika ya saka shi cikin littattafan da aka haramta. Wanda ya taɓa karanta nasihar da Al-Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa zai ji daɗin kwatanta su: shekaru kaɗan ne tsakaninsu, amma ɗaya ya ɗora mulki a kan shari'a da tsoron Allah, ɗayan kuwa a kan abin da zai hana sarauta kuɓucewa. Da Italiyanci aka rubuta shi, saboda haka fassara ita ce komai. Ka buɗe shafin farko ka duba sunan mai fassara. In babu, ajiye shi.

Locke ba ya buƙatar dogon tunani. Two Treatises of Government ya fito a 1689, kashi na farko raddi ne ga Robert Filmer, mai cewa ikon sarakuna gado ne daga Annabi Adamu. Kashi na biyu ne ake karantarwa, kuma ana samun sa shi kaɗai da araha. Ka dai nemi bugun da gabatarwarsa ba ta ɓoye cewa Locke, wannan mai wa'azin 'yanci, yana da hannun jari a kamfanin da ke safarar bayi daga Afirka ta Yamma.

Ni dai da ni ne, Leviathan zan saya, duk da nauyinsa. Hobbes ya rubuta shi yana gudun hijira a Paris, ya fito a 1651, shekara biyu bayan an fille kan Sarki Charles na Ɗaya a Ingila. Zane da addini da siyasa duk sun haɗu a shafinsa na farko: zanen Abraham Bosse na wani ƙaton sarki da aka gina jikinsa da ɗaruruwan ƙananan mutane, takobi a hannu ɗaya, sandar bishop a ɗayan. Wato ikon duniya da na coci su koma hannun mutum guda, don kada a sake zubar da jini a kan aƙida kamar yadda aka yi ta yi tun bayan da Martin Luther, malamin coci Bajamushe da ya ƙalubalanci Cocin Katolika, ya tayar da ƙura a 1517.

A nan ne masu saye ke yawan tafka asara. Littafin kashi huɗu ne, babi 47, kuma kashi na uku da na huɗu, kusan rabinsa, kan addini suke. Bugu da yawa masu sauƙin kuɗi sun yanke su, sun bar biyun farko. Ka ƙirga babobin kafin ka biya. Ka kuma duba ko zanen nan yana ciki, domin kwafin jabu kan fitar da shi baƙi ƙirin, ba a ganin ƙananan mutanen.

Sai maganar Turancin. Bugun Cambridge na Richard Tuck ya bar rubutun yadda yake a ƙarni na 17, wanda ke wahalar da sabon mai karatu. Na Hackett da Edwin Curley ya shirya ya daidaita rubutun da na zamani, ya ƙara da wuraren da bugun Latin na 1668 ya saɓa. Mai rubuta kundin digiri ya ɗauki na farko, mai karatun aji ɗaya ya ɗauki na biyu.