Masu gashin ƙashi na bi-gida: aiki ya yi kyau, tsari da saura

Ga mai jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye, yana kuma tunanin ɗaukar masu gashin ƙashin nan da ke zuwa har gida, ga abin da na gani a wajen waɗanda muka ɗaukar wa Yayana.

Shekararsa 47, ba hawan jini, ba ciwon suga. Korona ce ta kwantar da shi, yana cikin murmurewa sai baki ya karkace, hannun dama ya saki, magana ta sarƙe. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ba jijiya ce ta fashe ba, gudan jini ne ya toshe ta, irin da ke samun kusan kashi 85 cikin ɗari na masu wannan ciwo. Likita ya ce korona kan kumbura bangon jijiyoyi, ta kuma sa jini saurin daskarewa. Tun a Afrilun 2020 likitocin asibitin Mount Sinai da ke New York suka ba da rahoton mutum 5 'yan ƙasa da shekara 50 da babbar jijiya ta toshe musu cikin mako biyu, dukansu da korona a jiki.

Irin wannan majinyaci da ciwo biyu ake sallamo shi: ɓarin jiki a mace, huhu a gajiye. A nan matar da suka fara turo mana ta burge ni. Ba ta taɓa shi sai ta maƙala masa na'urar auna iskar jini a yatsa, ta gwada hawan jini. Da ya fara haki take tsayawa, su koma atisayen numfashi. Ita ta hana mu ɗaga shi ta hannun da ya shanye, domin naman da ke riƙe kafaɗa ya saki, ƙashin na iya gocewa. Ta nuna mana yadda ake tallafe hannun da filo in zai kwanta.

Akwai ranar da ta danne hannunsa mai lafiya da tafinta, ta ajiye kofin roba a gabansa. "Yallaɓai, da na daman za ka ɗauka." Gumi ya keto masa a goshi, yana hararar ta, babban yatsa na rawa, har dai ya kewaye kofin. Bai ɗaga ba, amma ya riƙe. Ba ta yi masa tafi irin na yara ba, cewa kawai ta yi, "Sake."

Matsalar tana ofishinsu. Sai su canza ma'aikaci ba sanarwa, ba miƙa bayani. Wani saurayi da suka aiko bai ko buɗe fayil ba, mu yake tambaya wane ɓari ne. Ya sa shi hawa matakala, iskar jininsa ta sauka, muka kwana Yaya na jigace. Wani zuwan ma a soke shi da saƙon waya, alhali watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi saurin dawowa.

Sannan tallansu na cewa cikakkiyar kulawa, amma ba su da mai koyar da magana. Toshewar ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa kuwa, wanda shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, sau da yawa magana take taɓawa, kuma abin da ya fi ci wa Yaya rai ke nan: ya san abin da yake so, kalmar ta ƙi fitowa. Dole muka nemo wani daban.

Takardar da suka bar mana dai na yaba mata. Ta ce in baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta canza, kada a kira su, a wuce asibiti, don allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi ake yin ta.

Zan sake ɗaukar su, amma sai an rubuta mini a yarjejeniya cewa mutum ɗaya ne zai riƙa zuwa, kuma wanda ya taɓa aiki da masu ciwon huhu.